Injin kafen da aka kawo daga Libiya: me ya sa yake kwance a ɗaki?

 

Makon jiya a shirinmu na safe mun tattauna kan tsarabar 'yan ci-rani: wadda ke amfanar gida, da wadda ke ƙarewa a matsayin ado. An ambaci keken ɗinki, an ambaci firiji, an ambaci fanon hasken rana. Abin da ya ba mu mamaki shi ne yawan waɗanda suka kira suna maganar injin kafe. Wata baiwar Allah daga unguwar Wadata ta ce nasu yana bisa firiji, an lulluɓe shi da ƙyalle. Wani daga Barmou ya ce ƙanensa ya ɗauko nashi tun daga Sabha, ya ratso Agadez da shi naɗe cikin bargo, amma sau uku kacal aka kunna shi. Lokaci bai ba mu damar amsawa yadda ya kamata ba, shi ya sa muka kawo maganar nan.

A gidanmu akwai irin wannan inji, da ɗan injin niƙa na hannu, kuma shekara uku ke nan suna aiki. Yayanmu ne ya kawo su daga Misrata, inda ya daɗe yana aiki a shagon kafe. Ya zauna da mu wata guda yana nuna muna yadda ake yi kafin ya koma. Wannan wata gudan ya fi injin daraja, don shi ne abin da sauran gidajen ba su samu ba.

Mu a nan in an ce kafe, abin da ke zo ma mutum a rai shi ne teburin mai shayi: Nescafé, madarar gwangwani, sukari, burodi, a ɗaga kofi sama a tsiyayo har ya yi kumfa. Nescafé gahawa ce da aka riga aka dafa a masana'anta, aka busar da ruwanta ya zama gari. A Suwizalan aka fara fitar da ita a 1938, kuma tun shekarun 1960 akwai masana'antarta a Abijan. Ruwan zafi kaɗai take buƙata, shi ya sa ta shiga ko'ina, daga tashar mota har rugar da ke bayan Abalak.

Amma Adarawa sun san kafe fiye da haka, sai dai a ƙasar wasu suka san shi. Duk wanda ya zauna Abijan ya san teburin da ake ce ma "aboki", inda ake shan kafe da madara da burodi tun da asuba. Sunan Hausa ne, don mutanenmu ne suka riƙe sana'ar, kamar yadda acakai da kifi ya samu sunan "garba" daga bakin masu saida shi 'yan Nijar. Ita kanta Kodebuwa, a shekarun 1970 ita ce ta uku a duniya wajen noman gahawa, bayan Birazil da Kolombiya. Ta wajen arewa kuma, Italiya ta mallaki Libiya daga 1911 har cikin yaƙin duniya na biyu, ta bar musu al'adar shan kafen inji. Har yau a Tarabulus "makyata" ake nema da safe, wato kafe mai ƙarfi da ɗan kumfar madara a bisa. Samarinmu da yawa sun wanke kofuna a irin waɗannan shaguna, wasu har sun kai ga riƙe inji. Shekara da shekaru hannun Ba'adare na zuba ma wasu kafe. Ba abin mamaki ba ne in ya so ya sha irinsa a tsakar gidan ubansa.

To mene ne wannan espireso ɗin? Ruwan zafi ne ake turawa da ƙarfi ya ratsa garin gahawa mai laushi da aka danne. Italiyawa suka ƙirƙiro shi. Angelo Moriondo ya yi rajistar injinsa a Turin a 1884, Luigi Bezzera ya gyara shi a Milan a 1901. Bayan yaƙin duniya na biyu Achille Gaggia ya fito da mai hannu da ake ja, wanda ya kawo kumfar nan mai launin gyaɗa soyayya da ke kwantawa bisa kofi. A 1961 kamfanin Faema ya sa famfon lantarki, kuma daga nan aka tsaya kan ƙarfin da ake bi har yau, wato bar 9. Ku tambayi mai facin taya: tayar ƙaramar mota bar 2 ne da ɗan wani abu. Ke nan ruwan da ke ratsa ɗan garin nan ya ninka iskar taya kusan sau huɗu.

Awon da yayanmu ya bar muna a rubuce jikin bangon madafa shi ne wannan: giram 18 na gari, ya ba da giram 36 na kafe a kofi, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30, da ruwan da bai kai ga tafasa ba, digiri 90 zuwa 96. In ya zubo cikin daƙiƙa goma, zai fito tsararo, mai tsami. In ya wuce daƙiƙa arba'in yana ɗiga, zai fito da ɗaci kamar maɗaci.

Manomin Adar zai fi kowa gane dalili. Ruwan sama in ya sauka bisa jigawa, nan take yake shigewa bai tsaya ba. In ya sauka bisa laka, sai ya kwanta ya ƙi shiga. Aikin Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, galibi kuma da hannun mata don maza na ci-rani, duk a kan wannan ya tsaya: a jera duwatsu, a gina ramuka, a rage ma ruwa gudu don ya ratsa ƙasa a hankali. Haka garin gahawa yake cikin ludayin inji. In ya yi tsaki, ruwa ya wuce bai ɗauko komai ba. In ya yi laushi ƙwarai, ruwa ya tsaya ya ƙona shi. Wanda ake so yana tsakani, ya fi garin tuwo ɗan kauri, ya fi sukari laushi, kuma dole ƙwayoyinsa su zama kai ɗaya.

Nan ne matsala ta farko take, kuma ita ta kwantar da yawancin injinan da aka ba mu labari. An kawo inji, ba a kawo abin niƙa ba. Garin da ake saidawa cikin leda an niƙa shi ne don wani irin dahuwa daban, kuma da zarar an buɗe ledar, ƙamshinsa na tafiya cikin 'yan kwanaki. Turmi na fidda gari wani laushi wani tsaki, ruwa kuma sai ya bi ta inda ya fi sauƙi. Injin markaɗe mai wuƙa shi ma sara yake yi, bai daidaita gari. Wanda ake buƙata shi ne mai haƙora biyu na ƙarfe da ke murje ƙwaya tsakaninsu, kamar dutsen niƙa da ɗansa, wanda ake iya matsewa ko a sassauta. Na hannu ya isa. Namu minti ɗaya yake ci kafin ya niƙa na kofi guda, bai kuma san ana ɗauke wuta ba. In kuɗi ba su isa duka biyu masu kyau ba, a sayi abin niƙa mai kyau da inji mai araha. Inji mai tsada da gari mara kyau, kuɗi ne aka zubar.

Wani abu da ba a rubuta cikin takardar da ke zuwa da inji ba, don masu rubuta ta ba su san Tahoua ba: matsin da ya yi daidai a hunturu ba shi zai yi daidai a damina ba. Iska in ta yi laima, gari na kumbura, ruwa ya yi jinkiri, sai an ɗan sassauta. A hunturu kuma, saboda bushewar iska, gari na tashi yana mannewa jikin komai. Maganinsa ɗigon ruwa guda: a jiƙa bakin cokali a juya ƙwayoyin da shi kafin a niƙa.

Matsala ta biyu ruwa. Ku leƙa cikin butar ƙarfen da ake dafa ruwa a gidanku. In kun ga farin abu ya kama gindinta kamar toka ta daskare, to irinsa ne ke taruwa cikin inji, inda bututun bai fi tsinken tsintsiya faɗi ba. Ƙasarmu ƙasar farin dutse ce, shi ya sa ma aka kafa masana'antar siminti a Malbaza. Inji na fara rage ƙarfi, sai ya fara kuka, wata rana ya yi shiru, a ce ya lalace, alhali toshewa ya yi. Mu ruwan da muka tace muke sa mishi, kuma duk bayan wata biyu muna wanke cikinsa da garin tsami, wato asid sitirik, a narke cikin ruwa, sannan mu bi da ruwa mai kyau sau biyu ko uku. Ruwan randa da ke da ƙura kuma, a bar shi ya kwanta a tace da ƙyalle mai tsabta tukuna.

Ta uku wuta. Waɗannan injina na jan wat 1,000 zuwa 1,500 lokacin da suke dafa ruwa, kwatankwacin fanka wajen ashirin a kunne lokaci guda. Ƙaramin fano da batir guda da ke riƙe ƙwan fitila da cajin waya ba zai ɗauke su ba. Kowa na tune da watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, aka yi watanni ana rabon wuta unguwa-unguwa. Ko ba wannan ba, kun san yadda bazara take. Wutar da ke tafiya ta dawo da ƙarfi ita ke ƙona kan inji, don haka a sama mishi abin daidaita wuta, a kuma cire shi daga bango in an gama. 'Yan uwanmu na Amurka kuma ku duba da kyau kafin ku aiko: naku na bolt 110 zuwa 120 ne, namu 220. In aka soka shi kai tsaye, kunnawar farko ita ce ta ƙarshe. Na Libiya, Aljeriya da Turai ba su da wannan matsala.

Akwai kuma injin da ke aiki da 'yan gwangwanaye ƙanana da aka riga aka cika da gari. Yana da sauƙi, yana da kyan gani. Amma ranar da kwalin da aka zo da shi ya ƙare, sai an yi aike Yamai ko waje, kowane kofi kuma da kuɗinsa. Baiwar Allahn da ta kira daga Wadata, da muka bincika, irin wannan ne nasu.

Ta huɗu ita ce gahawar kanta. Ba a noma ta a Nijar. Iri biyu ne suka fi yawa a duniya: arabika, wadda asalinta Habasha ne, mai ƙamshi da ɗan tsami, da robusta, wadda Kodebuwa ke nomawa, mai ɗaci da kumfa, wadda kuma ta ninka arabika kusan sau biyu wajen sinadarin da ke hana barci. Mu muna haɗa su, kuma robustar daga hannun masu dawowa daga Abijan muke samunta. Ku roƙi ƙwaya, kada ku roƙi gari. Kilo guda na ba da kofi 55 na giram 18, sai kowa ya yi lissafin aljihunsa. Zafin watan Afrilu da Mayu na kashe ƙamshinta da wuri, don haka a zuba ta cikin kwalba mai murfi, a aje a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da yaji da daddawa, don tana ɗaukar warin abin da ke kusa da ita. In ɗanya aka samu, duk macen da ta iya suyar gyaɗa za ta iya suyarta: kasko, wuta matsakaiciya, juyawa ba tsayawa, minti goma zuwa sha biyar. Za a ji tana ƙara kamar gugguru. Jim kaɗan bayan nan a sauke, a sheƙe ta a faifai ta huce, a bar ta ta kwana uku ko huɗu kafin a niƙa.

Madara kuwa, nan Allah ya yi muna arziki. Da damina, in dabbobi sun samu ciyawa, madarar shanu sabuwar tatsa ta fi ta gwangwani yin kumfa mai laushi a bakin bututun tururi. A tafasa ta tukuna saboda lafiya, a bar ta ta yi sanyi, sannan a hura. Kada a bari ta wuce zafin da hannu zai iya riƙe kofin ƙarfe, wajen digiri 60 zuwa 65. Da rani madarar gari da aka dama da ruwan sanyi na yi. Makyata ɗaya da ɗan cukun Abalak a gefe, wallahi ba mu ga abin da Tarabulus za ta nuna muna ba.

Ga mutanen Affala, Takanamat, Kao da sauran garuruwan arewa inda wuta ba ta da tabbas ko babu ita, shawararmu ita ce kada a wahalar da kai da injin lantarki. Akwai wata 'yar buta ta Italiya mai hawa biyu da ake ce ma moka, wadda Alfonso Bialetti ya fitar a 1933. Ruwa a ƙasa, gari a tsakiya, a ɗora bisa garwashi kamar barada, tururi ya turo kafe sama. Ƙarfinta bai wuce bar 1 zuwa 2 ba, don haka ba espireso ba ne na sosai, amma tana ba da kafe mai kauri, ba ta da abin lalacewa in ban da robar bakinta, kuma tana shiga aljihun jaka. Wanda zai aiko da ita ya haɗo da robar canji biyu ko uku.

Sai dai akwai abin da gyaran inji ba ya magancewa. Ranar sallar layya da ta wuce kawunmu ya zo daga ƙauye, muka ce bari mu karrama shi. Muka niƙa, muka danna, muka miƙa mishi ɗan kofi. Ya kurɓa sau biyu, ya leƙa ciki, ya dube mu.

"Ku 'yan radiyo, wanga abu da kunka ba ni, an gama ko yanzu za a fara?"

"Kawu, ai an gama ke nan."

"To mi za mu yi da sauran yinin?"

Aka yi dariya, aka hura gawayi, aka ɗora barada. Kawu na da gaskiya. An ƙirƙiro espireso don mutumin da ke sauri, ya sha a tsaye ya wuce aiki. Shayinmu kuma dahuwa uku ne, na fari mai ɗaci, na biyu, na uku mai zaƙi, kuma cikin wannan jiran ne ake sasanta rigimar gona, ake neman aure, ake jin wanda ya kwana da yunwa bai faɗa ba. Inji kofi ɗaya ko biyu yake fiddawa a lokaci guda. Fada mai mutum takwas, kafin na ƙarshe ya samu, na farko ya manta ya sha. Wanda ya sayi inji da niyyar ya maye gurbin barada zai ji kunya. Mu mun raba musu aiki: inji na asuba ne, lokacin da za mu fita buɗe tasha gari bai waye ba, barada kuma ta la'asar ce da dare.

A kuma kula da jiki. Ƙanƙantar kofin na ruɗin mutane. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ce baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na sinadarin kafeyin a yini, mai juna biyu kuma 200. Kofi guda na giram 18 ya haura 100, in robusta ce ya fi haka nesa. Wanda ya sha biyu da safe, ya bi da shayi uku da rana, uku da dare, kada ya zo yana tambayar abin da ya hana shi barci. Masu hawan jini su tambayi likitansu tukuna.

Abin da ya fi damunmu cikin kiraye-kirayen nan shi ne kuɗin. Kowane inji da ke kwance bisa firiji gumin wani ne, wanda ya yi watanni yana ɗaukar bulo ko wanke kwanoni, ya ratso hamada da ransa a hannu. Kuma cikin waɗanda suka dawo akwai masu sana'ar a hannunsu, sun san awo, sun san niƙa, sun san kumfa, suna zaune a fada ba aikin yi. Ga ɗaliban jami'a, ga ma'aikatan asibiti masu kwana, ga direbobin da ke tashi Agadez da Konni tun da asuba, ga taron kasuwar Lahadi. Inji na gidan wani, gwani na gidan wani, ba wanda ya haɗa su. Ba mu ce kowa zai yi arziki da wannan ba, ƙaramin injin gida ma ba zai ɗauki cinikin yini guda cur ba. Amma ya isa a gwada a gani ko akwai masu saye kafin a zuba kuɗi a babba.

Don haka ku da ke waje, in za ku yi tsarabar nan, ku haɗo da abin niƙa, da ƙaramin sikeli, da ƙwayar gahawa, ku kuma ware kwanaki ku koya ma wani a gida kafin ku koma. Ku da ke da shi a kwance, ku sauko da shi, ku kakkaɓe ƙurar, ku nemi wanda ya yi aikin kafe a Libiya ko Abijan cikin unguwarku ya duba muku. Sau da yawa wanki kawai yake so. In kuma kun tabbata ba za ku yi amfani da shi ba, ku ba shi aro ko haya ga wanda zai ci abinci da shi.

Ranar Laraba in Allah ya kai mu za mu sake buɗe layi kan wannan magana, kuma muna so mu ji musamman daga waɗanda suka riƙe inji a ƙasashen waje. Allah ya dawo da matafiyanmu lafiya, ya sa albarka cikin abin da suka samo.